Bunƙasar biranen duniya da sabon salon aikin mishan

Galibin mutanen duniya a yau na zaune ne a birane da manyan garuruwa, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ɗan Adam sai a farkon wannan ƙarni.

Wannan sauyi ya shafi kasuwanci da siyasa da zamantakewa, kuma ya shafi addini. Ƙungiyoyin yaɗa addinin Kirista, waɗanda a da aka fi sanin su da kafa makarantu da asibitoci a ƙauyuka, sun karkata akalarsu zuwa birane tun daga shekarun 1970.

Dalilinsu a bayyane yake: inda mutane suka nufa, can mai wa'azi zai bi su. To sai dai gasar da ake yi wajen jawo hankalin baƙon da ya shigo birni ta haifar da muhawara kan amfani da agaji wajen wa'azi, da wuraren gina majami'u, da kuma zaman tare tsakanin mabiya addinai.

Yaya girman bunƙasar biranen yake?

A shekarar 1800, mazauna birane ba su kai kashi 10 cikin 100 na mutanen duniya ba. A 1950 adadin ya kai kimanin kashi 30 cikin 100, wato mutum miliyan 751, kuma a lokacin biranen New York da Tokyo ne kaɗai ke da mutane fiye da miliyan 10.

Bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, tsakanin 2007 da 2008 ne yawan mazauna birane da garuruwa ya zarce na mazauna karkara a karon farko.

Rahoton da majalisar ta fitar a 2018 ya ce adadin ya kai kashi 55 cikin 100, kimanin mutum biliyan 4 da miliyan 200, ya kuma yi hasashen zai kai kashi 68 cikin 100 nan da shekarar 2050. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin, in ji rahoton, zai auku ne a nahiyoyin Asiya da Afirka.

Ƙasashe 3 kawai ne za su kwashi fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarin: Indiya da mutum miliyan 416, Sin da miliyan 255, sai Najeriya da miliyan 189.

A 2025 majalisar ta fitar da wani sabon rahoto wanda ya yi amfani da ma'auni ɗaya ga dukkan ƙasashe. Rahoton ya ce manyan biranen da ke da mutane miliyan 10 ko fiye sun ƙaru daga 8 a 1975 zuwa 33, kuma Jakarta ta Indonesiya ce kan gaba da mutum kusan miliyan 42, sai Dhaka ta Bangladesh, sannan Tokyo. Biyun farko birane ne da Musulmi suka fi yawa a cikinsu.

A Afirka, biranen Legas da Kinshasa ba su kai mutum rabin miliyan kowannensu ba a 1950. A yau kowannensu ya haura miliyan 10.

Abubuwa 3 ne ke haddasa wannan bunƙasa: haihuwa a cikin biranen kansu, ƙaura daga karkara saboda neman aiki ko gudun fari da yaƙi, da kuma yadda birni ke faɗaɗa har ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Akasarin sabbin zuwa kan sauka ne a unguwannin marasa galihu, inda babu ruwan famfo, babu magudanar ruwa, kuma babu takardar mallakar fili. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 924 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni a 2001, kuma daga baya adadin ya haura biliyan 1.

Addinin da ya faro daga birane

Masana tarihi na cewa tun asali a birane ne addinin Kirista ya yi ƙarfi. Bulus, wanda Kiristoci ke kira Manzo Bulus, ya yi tafiye-tafiyensa ne tsakanin manyan biranen daular Rum, kamar Antakiya da Afisa da Korinti, yana bin hanyoyin fatake da tashoshin jiragen ruwa.

A Antakiya, wadda ke cikin ƙasar Turkiyya a yau, aka fara kiran mabiya addinin da sunan Kiristoci. Mutanen karkara kuwa sun daɗe suna riƙe da addinan gargajiya, har ma kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen kiran mai bautar gumaka ta samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin baƙauye.

Al'amarin ya juya a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka jawo miliyoyin mutane zuwa biranen Turai. Wata ƙidaya da aka yi a Ingila a 1851 ta nuna cewa mutane fiye da miliyan 5 da ke da halin zuwa majami'a ba su je ba a ranar Lahadin da aka yi ƙidayar, kuma lamarin ya fi ƙamari a unguwannin ma'aikata.

A wannan zamani ne aka kafa ƙungiyoyin mishan na cikin birni. David Nasmith ya kafa ta farko a Glasgow a 1826, sannan ta Landan a 1835. An kafa ƙungiyar matasa ta YMCA a Landan a 1844, yayin da William Booth ya fara wa'azi a gabashin birnin a 1865, aikin da ya zama ƙungiyar Salvation Army a 1878.

Salon waɗannan ƙungiyoyi shi ne haɗa wa'azi da ciyarwa da ba da makwanci da yaƙi da shan giya, kuma har yanzu shi ne ginshiƙin aikin mishan a birane.

Cocin Katolika ma ta gwada nata salon. A shekarun 1940 wasu limamanta a Faransa sun shiga aiki a masana'antu domin su zauna tare da ma'aikata, amma fadar Vatican ta dakatar da shirin a 1954, bayan da wasunsu suka shiga ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da 'yan kwaminisanci.

Daga ƙauye zuwa birni

A wajen Turai kuwa, 'yan mishan na zamanin mulkin mallaka sun fi kafa tashoshinsu a karkara, inda suke ganin mabiya addinan gargajiya sun fi sauƙin karɓar saƙonsu.

Akwai kuma masana da suka ɗauka cewa birni zai kashe addini baki ɗaya. A 1965 wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Harvey Cox, ya wallafa wani littafi mai suna The Secular City, inda ya ce rayuwar birni za ta rage tasirin addini kamar yadda aka san shi. Shekaru 30 bayan haka, mutumin ya sake rubuta wani littafin a kan ɗarikar Fentikostal, ya kuma amince cewa abin da ke faruwa a biranen Afirka da Asiya da Latin Amurka ya saɓa wa hasashensa.

Babban taron da ya sauya tunanin ƙungiyoyin mishan na ɓangaren Furotesta shi ne wanda aka yi a birnin Lausanne na ƙasar Switzerland a 1974, ƙarƙashin jagorancin fitaccen mai wa'azin nan na Amurka, Billy Graham, inda wakilai daga ƙasashe kimanin 150 suka hallara. A nan ne aka yayata batun al'ummomin da bishara ba ta kai gare su ba, wato ƙabilu da jama'un da ba su da majami'a tasu ta gida.

Taron da ya biyo baya a Pattaya ta ƙasar Thailand a 1980 ya fitar da takarda ta musamman a kan wa'azi a manyan birane. Wani fasto daga Chicago, Ray Bakke, ya shafe shekaru yana zagaya biranen duniya yana shirya tarurrukan ƙara wa juna sani a kan batun.

A taron Manila na 1989, wani ɗan asalin ƙasar Ajantina, Luis Bush, ya jawo hankali kan yankin da daga bisani aka sa wa suna Taga ta 10/40, wato ƙasashen da ke tsakanin digiri na 10 da na 40 a arewacin layin da ya raba duniya biyu, daga Afirka ta Yamma zuwa gabashin Asiya. Biranen Kano da Yamai da Khartoum da Alƙahira da Karachi da Dhaka da Beijing duk suna tsakanin waɗannan layuka, kuma galibin mazauna yankin Musulmi ne da 'yan Hindu da mabiya addinin Buddha.

A ɓangaren Katolika, Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da wata wasiƙa a kan aikin mishan a 1990, inda ya ce ya kamata a mayar da hankali kan manyan birane, domin a can ake ƙirƙirar sabbin al'adu da ke bazuwa zuwa sauran jama'a. Fafaroma Francis, wanda ya rasu a 2025, ya ƙara yawan limaman da ke aiki a unguwannin talakawa lokacin da yake babban limamin birnin Buenos Aires.

Me ke jawo mutane?

Masana zamantakewa da suka yi nazarin waɗannan majami'u na cewa amsar tana cikin halin da baƙo ke tsintar kansa. Wanda ya baro ƙauye ya rabu da dangi da mai gari da duk wanda zai tsaya masa idan ya shiga matsala, kuma sau da yawa hukuma ba ta san da zamansa ba.

Majami'a kan cike wannan giɓi. Tana haɗa shi da wanda zai nema masa aiki ko ɗakin haya, tana da adashi, tana taimakawa wajen kuɗin asibiti da jana'iza, wani lokaci har da abokin aure. Mata da matasa kuma kan sami muƙamai da damar yin magana a bainar jama'a, abin da ba lallai su samu a ƙauye ba.

Ɗarikar da ta fi cin gajiyar wannan yanayi ita ce Fentikostal, wadda ake danganta yaɗuwarta da wani taron farfaɗo da addini da wani baƙar fata, William Seymour, ya jagoranta a titin Azusa na birnin Los Angeles a 1906. Ɗarikar na ba da muhimmanci ga addu'ar warkar da marasa lafiya, da kiɗa da waƙa, da korar aljanu.

Abin da ya sa take saurin yaɗuwa shi ne ba ta buƙatar dogon shiri. Mutum na iya buɗe majami'a a shago ko ajin makaranta ko tsohon gidan sinima, da lasifika da kujerun roba, ba tare da ya jira izinin wata hedkwata a Turai ba.

Hanyoyin da ake bi sun haɗa da ƙananan rukunoni da ke taruwa a gidaje a tsakiyar mako, da manyan tarurrukan wa'azi a filayen wasa, da ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i, da makarantu da asibitoci, da gidajen rediyo da talabijin, sannan a 'yan shekarun nan da shafukan intanet irin su Facebook da YouTube.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi su koma cikin unguwannin marasa galihu da zama. Wani ɗan ƙasar New Zealand, Viv Grigg, ya tare a wata irin wannan unguwa a Manila, kuma littafin da ya wallafa a 1984 ya sa an kafa ƙungiyoyin da mambobinsu ke rayuwa a cikin talakawan birane a Asiya da Latin Amurka.

Misalai daga Seoul da Brazil da Legas

A Koriya ta Kudu, David Yonggi Cho da Choi Ja-shil sun fara taron ibada da mutane ƙalilan a wata unguwar talakawa ta birnin Seoul a 1958, 'yan shekaru bayan yaƙin Koriya, inda suka yi amfani da tanti a matsayin majami'a. Yayin da mutanen birnin suka ƙaru daga kimanin miliyan 2 da rabi a 1960 zuwa fiye da miliyan 10 a ƙarshen shekarun 1980, majami'ar tasu ta Yoido ta bunƙasa har ta ce mambobinta sun kai kimanin 800,000. Sirrinta shi ne dubban ƙananan rukunonin gida, waɗanda akasari mata ke jagoranta.

A Brazil, Edir Macedo ya kafa majami'ar Universal a birnin Rio de Janeiro a 1977, ya sayi gidan talabijin na Record a 1989, sannan a 2014 ya buɗe wani katafaren gini mai ɗaukar mutum 10,000 a Sao Paulo. Ƙidayar jama'ar ƙasar ta nuna cewa mabiya majami'un Furotesta da Fentikostal sun ƙaru daga kimanin kashi 5 cikin 100 a 1970 zuwa kusan kashi 27 cikin 100 a 2022, yayin da 'yan Katolika suka ragu zuwa ƙasa da kashi 57 cikin 100.

A Najeriya, Josiah Akindayomi ya kafa majami'ar Redeemed a Legas a 1952, amma ba ta bunƙasa ba sai bayan da Enoch Adeboye, wani malamin lissafi a jami'a, ya karɓi ragamarta a 1981. Majami'ar ta bayyana cewa burinta shi ne a sami reshenta a tazarar tafiyar minti 5 da ƙafa a kowane birni na ƙasashe masu tasowa, ko minti 5 a mota a ƙasashen da suka ci gaba. Sansaninta da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan ya zama gari guda, mai gidaje da bankuna da makarantu da tashar wutar lantarki.

Ita ma majami'ar Living Faith ta David Oyedepo, wadda ta yi hedkwatarta ta farko a Kaduna, ta buɗe wani ɗakin ibada mai ɗaukar mutum 50,000 a garin Ota da ke kusa da Legas a 1999, ta kuma kafa jami'ar Covenant a 2002.

Waɗannan majami'u sun bi 'yan Afirka mazauna ƙetare zuwa biranen Turai da Amurka. Wata ƙidaya ta nuna cewa masu zuwa majami'a ranar Lahadi a Landan sun ƙaru daga kimanin 620,000 a 2005 zuwa kimanin 720,000 a 2012, a daidai lokacin da adadin ke raguwa a sauran sassan Ingila, kuma baƙi 'yan Afirka da na yankin Caribbean na da babban kaso a wannan ƙari.

Shin mabiya wasu addinai ne ke sauyawa?

Alƙaluma na nuna cewa cikar manyan majami'u a birane ba ta nufin mabiya wasu addinai na komawa Kiristanci da yawa. A Brazil, da yawa daga cikin sabbin mambobin Fentikostal sun fito ne daga gidajen Katolika. A Legas da Accra da Nairobi ma, da yawansu sun taso ne a majami'un Anglican ko Methodist ko Katolika.

Wani rahoto da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar a 2025 ya ce tsakanin 2010 da 2020 Kiristoci sun ƙaru da miliyan 122 zuwa biliyan 2 da miliyan 300, amma kasonsu a cikin al'ummar duniya ya ragu zuwa kashi 28.8 cikin 100. Musulmi kuwa sun ƙaru da miliyan 347 zuwa kimanin biliyan 2, wato kashi 25.6 cikin 100.

Cibiyar ta ce yawan haihuwa da ƙarancin shekarun jama'a ne babban dalilin ƙaruwar Musulmi, kuma sauya addini bai yi wani tasiri mai yawa a kan adadinsu ba. Babbar asarar da Kiristanci ke yi ita ce ta mutanen da ke barin addini ɗungurungum, musamman a Turai da Arewacin Amurka.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne inda Kiristocin suke. A 1910 kusan kashi biyu cikin uku na Kiristocin duniya na zaune ne a Turai. A 2020 ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara ne ke da kaso mafi girma, kusan kashi 31 cikin 100, yayin da Turai ke da kimanin kashi 22.

Ƙaura ma na taka rawa. Majami'un da ke biranen yankin Gulf, kamar wadda aka buɗe a Doha a 2008 da babbar majami'ar Katolika da aka buɗe a Bahrain a 2021, na hidima ne ga ma'aikata baƙi daga ƙasashe irin su Philippines da Indiya.

Suka da dokokin gwamnatoci

Wasu daga cikin manyan majami'un na shan suka daga Kiristoci 'yan uwansu saboda koyarwar da ake kira bisharar arziki, wadda ke cewa mai ba da ushirin dukiyarsa ga majami'a zai sami lafiya da wadata. Masu sukar na cewa talakawa ne ke biya, shugabanni kuma su sayi jiragen sama. A 2014 wata kotu a Seoul ta sami David Yonggi Cho da laifin almundahana da kuɗin majami'arsa, ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru 3 wanda aka jingine.

Daga ɓangaren Musulmi kuwa, babban ƙorafin shi ne haɗa agaji da wa'azi. A wani taro da aka yi a Chambesy ta Switzerland a 1976 tsakanin malaman addinan biyu, wanda Farfesa Isma'il al-Faruqi da Khurshid Ahmad suka halarta, wakilan Musulmi sun koka cewa ana amfani da makarantu da asibitoci wajen cin gajiyar talaucin jama'a.

A 2011 Majalisar Majami'u ta Duniya da fadar Vatican da Ƙawancen 'Yan Bishara na Duniya sun fitar da wata takardar haɗin gwiwa kan ladubban wa'azi, wadda ta yi tir da yaudara da tilastawa da jawo mutane da abin duniya. Sai dai takardar shawara ce kawai, kuma dubban majami'u masu zaman kansu ba sa ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin hukumomin 3.

Gwamnatoci da dama sun kafa dokoki. Aljeriya ta haramta yi wa Musulmi wa'azin sauya addini a wata doka ta 2006. A shekarar ce kuma Indonesiya ta fitar da wata ƙa'ida da ta ce sai an sami sa hannun masu ibada 90 da amincewar maƙwabta 60 kafin a gina wurin ibada. Jihohin Indiya da dama na da dokokin taƙaita sauya addini.

A ƙasar Sin, hukumomin lardin Zhejiang sun cire gicciye daga kan majami'u fiye da 1,000 tsakanin 2014 da 2016. A Rwanda, inda Kiristoci suka fi yawa, gwamnati ta rufe majami'u kimanin 700 a birnin Kigali a 2018 bisa dalilan tsaron lafiya da hayaniya, ta kuma wajabta wa shugabannin addini mallakar shaidar karatun tauhidi.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na cewa ana amfani da wasu daga cikin waɗannan dokoki wajen danne tsirarun addinai, kuma a Indiya da Sin matsin ya shafi Musulmi kamar yadda ya shafi Kiristoci.

Biranen arewacin Najeriya

Tarihin mishan a biranen ƙasar Hausa ya sha bamban da na kudu. A 1900 wata tawaga ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta isa Kano, amma Sarki Alu ya umarce ta da ta bar garin. Bayan cin ƙasar, Turawan mulkin mallaka sun taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Musulmi.

Dakta Walter Miller, wanda yake cikin waccan tawaga, ya zauna a birnin Zazzau daga 1905, kafin a mayar da tashar mishan ɗin zuwa Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Yana daga cikin waɗanda suka fassara Baibul zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932.

Yawancin majami'un Kano da Zariya sun tashi ne a unguwannin Sabon Gari, waɗanda aka keɓe wa ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Wato a nan ma ƙaura ce ta kawo majami'a cikin birni. Asibitin ido da ƙungiyar SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda a yau ke hannun majami'ar ECWA, na karɓar marasa lafiya daga addinan biyu.

Amma manyan tarurrukan wa'azi sun taɓa jawo tashin hankali. A watan Oktoban 1991 zanga-zangar adawa da taron da mai wa'azin nan ɗan ƙasar Jamus, Reinhard Bonnke, ya shirya yi a Kano ta rikiɗe zuwa tarzoma, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, aka kuma soke taron.

Rikice-rikicen da suka biyo baya a Kaduna a 2000 da Jos daga 2001 sun raba waɗannan birane, inda Musulmi da Kiristoci suka koma zama a unguwanni daban-daban. Shugabannin Kiristoci kan koka da wahalar samun filin gina majami'a a wasu jihohin arewa, yayin da Musulmi ke yin irin wannan ƙorafi game da masallatai a wasu sassan kudu.

Ƙungiyoyin Musulunci ma na birni ne

Halin da ke kai baƙo majami'a shi ne ke kai ɗan uwansa masallaci. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta fara yin ƙarfi ne a tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikata da matasan birane, ta hanyar makarantun Islamiyya da kaset-kaset na wa'azi da 'yan agaji.

A Legas, wasu ma'aikata Musulmi 'yan boko sun kafa ƙungiyar NASFAT a 1995. Ƙungiyar na gudanar da taron addu'o'inta ne da safiyar Lahadi, tana da shirye-shiryen tallafa wa mata da matasa, ta kuma kafa jami'ar Fountain a Osogbo a 2007. Masu nazari na ganin cewa ɓangarorin biyu na lura da salon juna, kowanne na ƙoƙarin riƙe matasansa.

Hukumomin birane kuma na fama da su duka. A 2016 gwamnatin jihar Legas ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 saboda ƙarar lasifika.

Idan hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbata, mazauna biranen Najeriya za su ninka cikin shekaru 30, kuma akasarin sabbin mazaunan matasa ne da za su buƙaci aiki da makaranta da asibiti. Batun manyan birane na daga cikin abubuwan da aka tattauna a babban taro na 4 na ƙungiyar Lausanne, wanda aka gudanar a Incheon ta Koriya ta Kudu a watan Satumban 2024, inda wakilai kimanin 5,000 suka hallara.